Furar Ruwa a Ƙwaryar Nono

Kawu Atiku bai iya kwana-kwana ba, ko da kuwa zancen aure ne. Yana zaune a zauren gidansa na Kalgo yana ɗinke bakin buhun shinkafa da basilla, ko ɗaga kai bai yi ba ya jefo mata maganar.

"Alhaji Ɗalha ya sake aikowa, Amatu. Sati biyu na ba ki. In ba ki hiddo da magana ba, ni zan hiddo miki da ita."

Amatullahi tana durƙushe a bakin ƙofa, idonta a ƙasa.

"Kawu, ai ka san da maganar Malam Sirajuddeen."

"Na sani. Mi garai? Alli da uwa da shanu." Ya ja zare ya tsinke shi da haƙori. "Ke da ɗanki ba shi shan nono, sai ki ɗauke shi ki kai shi gidan da ko bango warin nono shi kai? Alhaji ko gidanai ga bakin asibiti yake, taku ashirin. Ni ba ƙin yaron ga nikai ba. Marayan da ke hannunki nika dubi."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Kawu bai faɗi ƙarya ba. Alhaji Ɗalha mutumin kirki ne, matarsa ta rasu bara, ba wanda ya taɓa jin bakinsa da wani. Sai dai sau huɗu yana zuwa zance, bai taɓa tambayar sunan yaron ba. "Ina ɗan naki?" Iyakarsa ke nan, sannan ya koma labarin farashin taki.

Yaron kuwa sunansa Muzzammil, shekararsa huɗu. Ubansa ya rasu yana cikin zanen goyo. Yana da wata takwas aka ba shi koko da madara, kafin a wanke kofin jikinsa ya yi rudu-rudu, leɓensa ya haye. Likita a Birnin Kebbi ya zaunar da ita ya yi mata bayani dalla-dalla: borin jini ne, jikin yaron yana ɗaukar nonon saniya tamkar abokin gaba. Ba nono, ba kindirmo, ba man shanu, ba madarar gwangwani, ba alewa ko biskit da aka sa wa madara. Ya ba ta maganin sha na ƙaiƙayi, ya kuma ja mata kunne cewa wannan na fata ne kawai. Ranar da ta ga baki ya kumbura ko numfashi ya sarƙe, kada ta tsaya neman cokali, ta ruga asibiti a yi masa allura.

Tun daga ranar ta zama ita kaɗai a cikin mutane. Gidan biki, tana gefe da yaronta da ɗan kofinsa na roba da cokalinsa. Gidan gaisuwa, idonta na kan bakinsa. Matan unguwa suka sa mata ido suka kuma sa mata baki. Wai wace irin uwa ce wannan da ba ta kunyar ɗan fari, tana kiran sunansa gatsal, tana bin sa kamar kaza da ɗan tsako ɗaya. Wasu suka ce tsirfar ƴan boko ce, su da aka yaye da fura da nono ga su nan garau. Ta daina yi musu bayani. Bayanin ma gajiyar da ita yake yi, don duk wadda ta yi wa sai ta gyaɗa kai, gobe kuma ta miƙo wa yaron alewar madara.

Mutum ɗaya ne ya ji sau ɗaya ya riƙe. Sirajuddeen malamin firamare ne, an taɓa turo shi Dangoma, nan kusa da Kalgo, shekara biyu kafin a mayar da shi Gwandu. A wani kanti ya fara ganinta, ta kafe ido a bayan ledar biskit tana fama da ƙananan rubutun Turanci. Ya karɓa ya karanta mata, ya ce akwai madara a ciki. Daga ranar bai taɓa miƙa wa Muzzammil komai ba sai ya juya bayan ledar. Wata mace da turare ake sace zuciyarta, wata da mota. Ita Amatullahi da karatun bayan leda aka sace tata, ba ta kuma jin kunyar faɗin haka a ranta.

Matsalar ɗaya ce, kuma babba. Sirajuddeen shi ne auta, shi ke riƙe da tsohuwarsa, Inna Maimuna, a gidansu na wajen Malisa, inda garken gidan yake kwana a bayan danga. Wadda duk ta aure shi can za ta zauna.

A yammacin ranar da Kawu ya ba ta wa'adi Sirajuddeen ya kira ta a waya.

"Jibi sunan ɗiyar yayata Safiya. Inna ta ce ki zo da yaron, tana son ganinai."

"Malam, gidanku hwa gidan nono ne."

"Na zaunar da ita, Amatu. Dut abin da likita yac ce na hwaɗa mata, ɗaya bayan ɗaya. Ta rantse min ko ɗigo ba ta ba shi. Ki zo ki gani da idonki, sannan ki ba Kawu amsa."

Ta daɗe riƙe da wayar bayan ya kashe. Ba ta da uwar da za ta yi shawara da ita, ba ta da ƴar'uwa a kusa. Ta yi shawara da zuciyarta, zuciyar kuwa ta riga ta ɗauki ɓangare tun tuni.

Da safen ranar suna ita da yaron suka shiga mota ta Birnin Kebbi zuwa Gwandu, daga nan suka hau babur zuwa Malisa. A jakarta akwai kofin roba, da cokali, da kwalbar maganin ƙaiƙayi, da ɗan ƙullin dafaffiyar shinkafa da wake.

Gidan cike yake da mata. Tun daga ƙofa ƙamshin man shanu ya tare ta, ga ƙore jere a inuwar rumfa an rufe su da faifai. Ta ƙara damƙe hannun yaron.

Sai ga wata ƴar tsohuwa siririya ta taso daga kan tabarma, fara, mai saurin tafiya, fuskarta duk fara'a. Ba Amatullahi ta fara kallo ba.

"Wanga shi na angon nawa? To, ka iso ke nan, sai yau ka tuna da matarka?" Ta durƙusa ta riƙe kumatun yaron. "Dube shi, kyakkyawa, sai rowa. Ko goro bai riƙo min ba."

Muzzammil, da ba ya yarda da kowa, sai ga shi yana dariya. Amatullahi ta durƙusa ta gaishe ta, tsohuwar ta dafa kanta.

"Tashi, ɗiyata. Sirajo ya hwaɗa min komi. Ki kwantar da hankalinki, gidanku kika zo."

Shekara uku rabon da wani ya ce mata ta kwantar da hankalinta ta ji kamar za ta iya. Aka shimfiɗa mata tabarma a ɗakin mai jego, aka kawo mata tuwo da nama. Ta ci loma biyu. Mata suna shigowa suna leƙa ta, ana ƙus-ƙus, kowa ya san ko ita wace ce da abin da ya kawo ta.

Wajen azahar Inna Maimuna ta leƙo.

"Kawo min angona in ba shi hura. Tun sahe na kirɓa mashi tashi daban, da hannuna. Da ruwan rijiya zan dama mai, ruwa zalla."

Hannun Amatullahi ya kai kan jaka. Kofin yana nan, tana jin bakinsa ta cikin yadin. Sai dai ɗakin ya yi tsit, idanu sun fi goma a kanta. In ta fito da kofin roba a gidan uwar wanda za ta aura, ai ta ce ƙoren gidan ba su da tsabta ke nan. In ta tashi ta bi bayan tsohuwa kuwa, ta tabbatar wa kowa abin da ake faɗa, cewa ba ta da kunya a kan ɗan fari. Wata mai baki a cikin matan ma har ta riga ta fara.

"Yau dai mu gani ko za ta bi shi."

Aka yi dariya. Amatullahi ta yi murmushin dole, ta zare hannunta daga kan jakar.

"Tahi wurin Inna," ta ce wa yaron, ba ta ko ambaci sunansa ba.

Matan suka yaba. Wata ta ce ashe dai tana da alkunya, sharrin mutane ne. Ita kuwa tana zaune, yabon yana shiga kunnenta kamar ana zuba mata ruwan zafi. Ta ce wa kanta ruwa ne da gero, me zai faru. Ta ƙirga kwanukan da ke jere a kabad ɗin mai jego, ta sake ƙirga su.

Ba a yi minti goma sha biyar ba yaron ya dawo, gemunsa da farin fura, yana sosa wuya.

"Umma, harshena na ƙaiƙai."

Ta jawo shi gaban haske. Bayan kunnensa ya fara tashi, jajaye, faffaɗa. Tana kallo leɓensa na sama ya yi nauyi. Ya yi tari sau ɗaya, busasshe, ya sake yi, sannan ta ji wannan ƴar ƙarar da ta ji sau ɗaya tak a rayuwarta, ranar da aka ba shi koko da madara, ba ta kuma manta ba, kamar iska na bi ta tsagar ƙofa.

Ɗakin ya rikice. Wata ta ce a ba shi manja, wata ta ce iska ce a kira malam, wata ta taso da ɗan kwano tana cewa a shafa masa man shanu, shi ke kwantar da ƙuraje. Amatullahi ta buge kwanon ya faɗi. Ta saɓi yaron a kafaɗa ta fita, ba mayafi, ba takalmi, ta ratsa tsakar gida, ta ratsa zaure, ta faɗa tsakiyar maza suna zaune ana rabon goro.

"Sirajuddeen! Tashi, babur!"

Ba ta taɓa kiransa da sunansa ba sai ranar, a gaban dattijan gidansu. Bai tambaye ta komai ba. Kallo ɗaya ya yi wa bakin yaron ya zabura.

Hanyar Malisa zuwa Gwandu ba ta taɓa yi wa kowa tsawo kamar yadda ta yi mata ba. Yaron yana tsakaninsu, ta tallafe shi a zaune don ya sami numfashi, ya yi amai a jikin rigarta, kansa yana langaɓewa. Tana kiran sunansa a kunnensa ba ƙaƙƙautawa, kiran nan da mutane suka yi shekara huɗu suna zarginta a kai.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya, Sista Ruƙayyatu, ta tare su tun daga baranda. Ba ta nemi kati ba. Ta ji kalma biyu, nono da numfashi, ta kwantar da shi ta soka masa allura a cinya ta kan wando, ta ɗora masa abin shaƙar iska. Amatullahi ta tsaya jikin bango tana kallon ƙirjin ɗanta yana hawa yana sauka da ƙyar. Bayan ƴan mintuna aka ƙara masa allura ta biyu. Sannu a hankali ƙarar ta ragu, ya buɗe ido, ya fashe da kuka. Ba ta taɓa jin sauti mai daɗin wannan kukan ba. Ta zauna a ƙasan siminti.

"Mi yac ci?" Sista ta tambaya bayan abu ya lafa.

"Hura da ruwa," in ji Sirajuddeen. "Na kira gida yanzu. Inna ta rantse da Allah ba ta sa nono ba, kuma na yarda da ita."

"Cikin mi anka dama?"

Ya sake fita da waya, ya dawo fuskarsa ta canza.

Ƙwaryar da Inna Maimuna ta dama furar a ciki ba ƙwaryar baƙi ba ce. Ita ce wadda aka kawo ta da ita gidan miji, mai zane a baki, wadda marigayi mijinta ya sha nono a ciki shekara arba'in. Tun rasuwarsa ita kaɗai ke sha da ita, ko Sirajuddeen ba ta ba shi. Ranar ta sauko da ita don ta girmama angonta, don duk wanda ya gani ya san ta karɓi marayan a matsayin ɗan gida. Ƙwaryar nono kuwa ba a kai mata sabulu, ɗauraya ake yi a kife a rana. Da ita ta sha kindirmonta da safe.

Sista ta girgiza kai, ba da faɗa ba.

"Ƙwarya tana shan abin da anka zuba mata. Da ita da ludayi da maburgi, dut nono na cikinsu ko an ɗauraye. Yaro irin wanga, abin da ido bai gani ma ya ishe shi. Za mu riƙe shi sai gobe, don wani lokaci abin shina lahwawa shi dawo."

Da gari ya waye kumburin ya saɓe, sai ƴan tabo a wuya. Muzzammil yana barci, an lulluɓe shi da zanen da wata mai jinya a gadon kusa ta ara musu. Amatullahi tana zaune a gefen gadon sanye da hijabin aro. Kawu Atiku ya kira sau uku. A na ukun bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Kin gani ko," ya kashe. Da ya yi faɗan da ya fi mata sauƙi.

Sirajuddeen ya shigo da ruwan zafi a fulas da burodin da ya riga ya juya bayan ledarsa. Ya ja kujera ya zauna nesa kaɗan. Idanunsa sun yi ja.

"Laihina ne, Amatu. Na lissafa mata abinci, ban lissafa mata ƙore ba."

"Ba laihinka ba ne. Kofinai na cikin jakata. Hannuna na kai, na ɗauke." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Don kar a ce ban da kunya. Na sai da numfashin ɗana da yabon matan da ban ko san sunansu ba."

"Ki bar hwaɗin haka."

"In ban hwaɗa maka ba wa zan hwaɗa wa? Wa gare ni?"

Ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago da sauri kamar wanda ya kwana yana haddace magana.

"Zan kama haya nan cikin Gwandu. Ɗaki biyu, kusa da asibiti. Ko cokali ɗaya ba za a kawo daga gida ba. Ni kaina na bar shan nono daga yau."

"Inna hwa?"

"Zan riƙa zuwa kullum."

"Kai ne autanta, Malam. Wa za shi kwana gidan? Ranar da tat tashi da ciwo, wa za shi ji? In ka kawo ta wurinmu, ka ce wa tsohuwar da tat tashi cikin shanu ta bar nono? In ka bar ta can, da wane ido danginku za su dube ni?" Ta ja numfashi. "Kuma ranar salla, ranar suna, ranar rasuwa, dole mu tahi. In tsaya kanai in hana kowa taɓa shi, a gidanku?"

"Sai ki tsaya. Ni ma in tsaya."

"Jiya ma ai kana nan."

Ba ta faɗa don ta soke shi ba, amma ta ga inda maganar ta shiga. Ya rufe fuska da tafin hannu. Namiji ne mai shekara talatin da biyar, yana kuka a ɗakin yara marasa lafiya, ita kuma ba ta da ikon ko dafa kafaɗarsa. Son da take yi masa ya cika ta, ba inda za ta kai shi.

"To Alhaji Ɗalha za ki aura?" ya tambaya daga cikin hannunsa.

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ni dai na san ba ni iya sake hawa babur ɗin jiya."

Motsi suka ji a bakin ƙofa. Inna Maimuna ce, tsaye, ta naɗe hannayenta duka biyu a cikin gefen mayafi. Ta tsufa a kwana ɗaya. Sirajuddeen ya miƙe ya ba ta kujera, ta ƙi. Amatullahi ta zame ƙasa ta gaishe ta.

"Shigo, Inna, ga shi nan, ya samu sauƙi."

"Daga nan ma ina ganinai."

Ta daɗe tana kallon yaron daga inda take. Sannan ta zaro hannayenta ta nuna. Fatar ta yi fari ta tsattsage, har da jini a gaɓoɓin yatsu.

"Tun asuba nika wankinsu da omo. Sau nawa ban sani ba. In na shinshina sai in ji kamar shina nan." Ta mayar da su cikin mayafin. "Ɗiyata, shekara sittin hannuwan ga na cikin nono. Tsummana, tabarmata, dut abin da nat taɓa. Jiya da zuciya ɗaya nay yi, kin ga abin da zuciya ɗaya tay yi. Gobe zan manta da wani abu, don na tsuhwa. Ba ni iya rantse miki."

"Inna, za mu koya miki," in ji Sirajuddeen. "A hankali."

"Da ran wa za a koya min, Sirajo?"

Ta dubi ɗanta, ta ci gaba.

"Ina son yarinyar ga. Tun da tad durƙusa gabana na so ta. Yaron ga kuma, Allah shi na shaida, ji nay yi kamar daga cikina yah hito. Don haka na zo in hwaɗi da bakina, kar a ce an ce. Ban yarda da auren ga ba. In tahi gaban Allah da ran maraya, ba da ni ba. Ka bar ta ta tahi inda ɗanta za shi ci abinci uwatai ba ta riƙe da numfashi."

"Inna, ki yi haƙuri, ki saurare ni..."

"Na gama. In ka kai ni uwa, ka bar ta."

Ta juyo wajen Amatullahi.

"Ki yahe min, ɗiyata."

"Ba ki yi min komi ba, Inna."

Da ƙiyayya tsohuwar ta zo da ita, da Amatullahi ta san yadda za ta yi. Ta saba da masu zagi da masu dariya, ta iya tsayuwa a gabansu. Amma wannan ta zo ne ta faɗi abin da ita kanta ta kwana tana juyawa ta kasa ƙarasawa. Ba abin da ya rage a yi musu a kai. Tsohuwar ta sake kallon gadon sau ɗaya, ta juya ta fita, hannayenta a naɗe, ba ta taɓa ko ƙarfen gadon ba.

Sirajuddeen ya bi ta har baranda, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba, bai tafi ba.

Sista Ruƙayyatu ta zo sallama wajen hantsi. Ta duba ƙirjin yaron, ta ce ya yi kyau. A hannunta akwai takardu biyu da ta rubuta da biro, iri ɗaya.

"Na rubuta miki komi da Hausa. Abin da ba shi ci, da alamomin da in kin gani ba jira. Na ƙara da kwano da cokali da ƙwarya, nashi daban, wankinsu daban. In ya shiga makaranta a hwaɗa wa malamai. Ki koya mai shi ma shi riƙa tambaya kahin shi ci, shekarunai sun kai. Kuma ki mai da shi ga likitanai, wasu yaran abin na barinsu in sun girma, amma kar ki gwada a gida." Ta ɗaga takardun. "Guda taki. Guda ta wanda ke taya ki kula da shi, don mutum ɗaya ba shi iya wanga aiki. Wa za a ba?"

Ta faɗa tana duban mutumin da ke tsaye a ƙofa, wanda ta ga ya shigo da yaron a guje jiya. Sirajuddeen ya ɗaga ƙafa, hannunsa ya fara miƙewa.

Amatullahi ta riga shi. Ta karɓi takardun duka biyu, ta haɗa su ta ninke.

"Ni ɗaya ce, Sista."

Ba ta ɗaga kai ba. Ta ji shi tsaye, ta ji numfashinsa, ta ji lokacin da takalminsa ya juya a kan siminti. Ta bi ƙarar takun da kunne har ta ɓace cikin hayaniyar masu jiran likita.

Muzzammil ya motsa, ya murje ido, ya dubi kujerar da ba kowa a kai.

"Umma, ina Baba Sirajo?"

"Ya tahi gida."

"Mu ma can za mu?"

Ta durƙusa ta juya masa baya don ya hau, yadda ba zai ga fuskarta ba.

"A'a. Kalgo za mu. Riƙe ni da kyau."